Tatsuniya da Rana Tsaka

Ni dai ban roƙi kowa ya ba ni tabarmar nan ba, a fara sanin wannan. Su suka biyo ni har gida. Malam Abdulnasir, shugaban laburaren unguwarmu, shi ya tako da ƙafarsa ya same ni a tsakar gida ina jiƙa icen turaren wuta, ya ce, "Hajja Yakaka, an ce bakinki ya iya tatsuniya. Muna so ki riƙa zuwa ran Asabar kina yi wa yara."

Na ce, "Malam, da rana?"

Ya ce da hantsi.

Na ce, "To, ai da magani."

Duk wanda ya tashi a Fagge a zamaninmu ya san ba a tatsuniya da rana. In aka yi, ɓatan kai ke biyo baya, ko ga mai yi ko ga mai sauraro. A aike ka sayen gishiri nan bakin layi, ka tsinci kanka a bayan tashar jirgi kana tambayar hanyar gidanku. Maganin kuwa ba wuya. Kafin ka buɗe baki sai ka tsige gashin idonka guda ka ɗora a tsakar ka, shi ke nan ka ɗaure abin. Ubana daga Barno jirgi ya kawo shi, a tashar ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, amma ni a unguwar Kwaciri, nan Fagge, aka binne cibiyata, kuma tsofaffin gidan hayarmu su suka koya min wannan. Ko na yarda da shi har zuciya? Oho. Na dai tarar ana yi, na ci gaba da yi.

Laburaren ba wani babba ba ne. Daga shiga akwai ɗakin jarida, inda tsofaffin ma'aikatan reluwe ke zama su karanta layi biyu su yi gardamar wuni. Sai ɗakin kwamfuta, kullum cike da samari da 'yan mata masu shirin jarrabawar shiga jami'a, wasu ma cajin waya kawai ya kawo su. Ran Talata mata na yin yaƙi da jahilci a baranda. Can ƙurya kuma ɗakin yara, mai taga ɗaya da ke kallon lungun da ake bi a ɓulla Kasuwar Sabon Gari. Nan ne wurina.

Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma Mala mijina ya riga ni tafiya. Gidan nan daga ni sai kwalaben humra. Saboda haka in na ce Asabar ɗin nan ita ce 'ya'yana, ba kuri nake ba. Duk sati ita nake jira. Zan shiga in tarar sun cika tabarma, 'ya'yan Hausawa, na Barebari, na Yarabawa, har da na Inyamurai biyu-uku daga cikin Sabon Gari, ana ture-ture kowa na son kusa da ni. In zauna, in gyara lafaya, in kai hannu ido in tsige, in ɗora a ka. Su ma duk sai su taɓa ido su taɓa kai suna dariya. Sannan in ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa da ihun da har 'yan ɗakin jarida sai sun yi tsaki.

A cikinsu akwai Hikmat, 'yar Raliat mai sayar da robobi a kasuwa. Wannan yarinya ita ta ƙwace min zuciya. Kullum tana jikin gwiwata, riƙe da bakin lafayata kamar za a sace ni. Tambaya kuwa ba a magana. Me ya sa kura ba ta da wayo? Ina mijin akuyar yake? In kuwa na yi kamar na manta da maganin, sai ta daka tsalle ta ce, "Hajja, ba ki cire ba! Ba ki cire ba!" Da gangan nake mantawa don in ji ta.

Ana haka aka turo mana Surayya. Wai ita ce jami'ar sashen yara, ta yi kwas a kan haka. 'Yar siririya, ga gilashi, tafiyarta kamar tana tsoron ƙasa ta ɓata mata takalmi. Ranar farko ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma na ga yadda ta kalli tabarmata, na san da magana.

Ranar da abin ya faru baƙi aka yi, mutanen ƙungiyar da ta saka wa laburaren sola ta kuma kawo majigi da littattafan hotuna. Suka tsaya a bakin ƙofa da kyamarori. Na zauna, na kai hannu ido kamar kullum, yara suka ɗaga nasu hannuwan. Sai kawai na ji muryar Surayya.

"Hajja, don Allah a bar wannan camfin. Nan laburare ne."

Hannuna na sama ya tsaya. Wata baƙuwa ta tambaye ta me ake yi, ta juya ta zazzaga musu bayani da Turanci, tana nuna idonta tana nuna kanta. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ma ya ce in sake yi ya ɗauka a hoto, kamar biri a gidan zu. Ni, Yakaka, da furfurata, a gaban yaran da ke kirana Hajjarmu! Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi tatsuniyar a haka, ban san me na faɗa ba. Hikmat na ta jan lafayata tana raɗa min, "Ba ki cire ba fa," na kasa ko kallonta.

Asabar ta gaba na tarar an naɗe tabarmata an jingine bayan ƙofa. An jera 'yan kujerun roba ja da shuɗi, an rataya farin ƙyalle a bango. Surayya ta tare ni da murmushi, wai tsari ne ya canza, yanzu ita za ta riƙa karanta musu tatsuniya daga littafi sannan a nuna musu a majigi. Wai amma ina iya zama in yi kallo, ai ni uwa ce.

In yi kallo! A ɗakin da na raya tun ba shi da ko labule!

Na ɗauki tabarmata na saɓa. Na juya na fita. Amma kafin in kai bakin get na riga na ci alwashi. Camfi ko? To za ki ga camfi, yarinya, ganin idonki.

Sana'ata ta ba ni abin da ita ba ta da shi: ƙofar kowane gida. Ba gidan da humrata ba ta shiga daga Kwaciri har layukan Fagge. Sai na fara. Kuma a shaida, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. In na zauna ana shinshina kwalba, sai in ce, "Har yanzu yaran nan na zuwa laburare? To, Allah Ya tsare. Da dai ina nan ina cirewa. Yanzu kuwa tatsuniya ake zuba musu da rana tsaka, ba ɗauri ba komai." Sai in ci gaba da ciniki. Tsofaffin gida su ke fara gyaɗa kai, don sun san zancen.

Amma abin bai ci ba yadda na so. Iyayen yanzu dariya suka yi ta yi min. Wata ma ta ce, "Kai Hajja, ke dai kishin majigi kike." Yara kuwa sai ƙaruwa suke, don majigi akwai daɗi. In na bi ta lungun ran Asabar sai in jiyo dariyarsu ta taga, har da ta Hikmat, na san ta ko cikin dubu. In koma gida in kasa cin abinci. Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Sai ga wata Asabar, bayan azahar, Raliat ta faɗo gidana ba ko mayafin kirki. Hikmat ba ta iso rumfa ba. Kullum in an tashi daga laburare takan bi lungu ta tsallaka ta same ta a kasuwa, yau shiru. An je laburare an ce tun ɗazu aka sallame su.

Na manta da Surayya, na manta da komai. Na zuri takalmi muka bazama. Layin 'yan atamfa, layin 'yan shinkafa, wajen masu kaji, muna kiran sunanta kamar mahaukata. Na yi wa Allah alkawura a ranar nan da ban san iyakarsu ba. Muka rabu, Raliat ta yi wajen bakin titi, ni na kutsa layin masu kayan wuta.

Can na hango Hikmat. Zaune take a kan benci a shagon wata Ujunwa mai sayar da talabijin, ƙafa na lilo, da biskit a hannu, ido a kan allo. Ujunwa ta ce tun ɗazu yarinyar ta tsaya a ƙofa tana kallo, ta ga rana na dukanta ta ce ta shigo ta zauna, ta ɗauka 'yar maƙwabta ce. Na fizgo ta na rungume, ina kuka ina dukan bayanta.

Ta raɗa min a kunne, "Hajja, kar ki faɗa wa Mama. A laburare lokaci ya ƙare aka kashe majigi ba mu ga ƙarshe ba. Da na zo wucewa na ga irinsa a nan, na tsaya in ga yadda zomon ya yi."

Ka ji fa. Ba ɓata ba ne, ba komai ba ne. Yarinya ce ta tsaya kallo.

Muka isa rumfa, mata sun cika wurin. Raliat ta zube ƙasa ta ƙanƙame 'yarta, sannan ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Hajja, me ya same ta? Yarinyar da ta san kasuwar nan lungu-lungu! Me ya kai ta wajen masu talabijin?"

Duk suka zuba min ido. A nan ne na tuna dariyar baƙin nan, na tuna tabarmata a bayan ƙofa. Na sunkuya na ce, "Hikmat, me aka yi muku yau a laburare?"

Ta ce, "Tatsuniya."

"An cire gashin ido?"

Ta girgiza kai.

Na miƙe na gyara lafayata na ce, "To."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wata tsohuwa mai daddawa ta saka salati, sauran suka ɗauka. Kasuwa ta ƙarasa min aikin. Kafin sati ya zagayo, labarin ya yi ƙafa ya yi fiffike. Wasu suka ce a tashar jirgi aka tsince ta tana shirin hawa tarago. Wasu suka ce ba ta gane uwarta ba sai da aka yi mata tofi. A wani gida da na kai turare aka ba ni labarin cewa a Zariya aka samo ta, na ce, "Ikon Allah," na karɓi cinikina.

Yara suka fara tsinkewa. Asabar ta farko rabi, ta biyu 'yan tsiraru, daga nan sai Surayya da majiginta da kujeru. Ni kuwa sai na tsiri bin lungun nan a hankali, in leƙa ta taga in gan ta zaune da littafi a cinya tana kallon ƙofa. Wayyo daɗi! Ban taɓa sanin ramuwa na da zaƙi haka ba. Abinci ya dawo yana shiga, har maƙwabta na cewa na yi ƙiba.

Surayya ta bi gida-gida tana bayani, wai ilimi ya nuna babu alaƙa tsakanin tatsuniya da ɓata. Aka riƙa ba ta ruwa ana raka ta ƙofa. Daga ƙarshe ta zo gidana. Na bar ta a tsaye ina ta tankaɗe garin sandal, sai da na ga dama na ɗago.

Ta ce, "Hajja, na je wajen matar nan mai talabijin. Ta faɗa min yadda aka yi. Ke ma kin sani. Don girman Allah ki gaya wa iyayen nan gaskiya, maganarki suke ji."

Na ce, "Ni? Wa zai ji maganar mai camfi? Ki je ki gaya musu da Turanci mana, ai kin iya."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na yi kuskure ranar nan, ki yafe min. Amma yaran fa? Su me suka yi?"

Na ce, "Humra za ki saya ko turaren wuta? In ba ciniki, ki ja min ƙofa, kaji na shigowa."

Ta fita tana share gilashi. Na bi bayanta da kallo, zuciyata fari ƙal.

Ba a jima ba Malam Abdulnasir ya sake takowa, wuri ɗaya da na farko ya tsaya. Ya ce ɗakin kwamfuta ya yi wa ɗalibai kaɗan, har a ƙasa suke zama, kuma kwamiti ya ce ba za a bar ɗaki a rufe ba kowa ba. In yara ba su dawo Asabar mai zuwa ba, za a kwashe kayan yara a zuba kwamfutoci. Ya ce, "Hajja, ki dawo. Ki yi yadda kika saba, ki cire abin da za ki cire."

Na ja masa rai sai da ya yi gumi, sannan na kafa sharaɗi. A fitar da kujerun roba. A sauke farin ƙyallen. Tabarmata kuma Surayya ce za ta shimfiɗa ta da hannunta, ina tsaye ina kallo. Ya ce an yi.

Na aika gida-gida cewa Hajja ta dawo. Ran Asabar na yi wanka na ɗaura lafayar da nake zuwa biki da ita, na turara ta har sai da ta ƙoshi, na sayi alewa cike da leda. Na tanadi tatsuniyar da Hikmat ta fi so, ta akuyar da ta kai kura ƙara. Da na isa, Surayya ta karɓi tabarmar, ta durƙusa ta shimfiɗa, ta miƙar da gefen da ya lanƙwashe. Na ce ta ja ta wajen taga kaɗan. Ta ja. Na ce a'a, ta mayar. Ta mayar. Sannan na zauna.

Na zauna, na zauna. Hantsi ya ɗaga. 'Yan ɗakin jarida suka gama gardamar farko suka shiga ta biyu. Duk motsin da na ji a baranda sai in gyara zama, sai in ga ɗalibi ne da waya a hannu. Alewa ta fara narkewa a leda. Surayya na tsaye jikin ƙofa tana kallona.

Na tashi na leƙa taga. Sai ga Raliat ta ɓullo lungun da ɗaurin bokitai a ka, riƙe da hannun Hikmat gam, za su kasuwa.

Na ƙwala mata kira. "Maman Hikmat! Ba a gaya miki na dawo ba? Sako min ita, ni zan kawo miki ita har rumfa."

Ta matso jikin taga ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ce, "An faɗa min, Hajja. Amma wallahi ba zan iya ba."

"Ni ce fa. Zan cire. Ga shi ma a gabanki."

"Hajja, gashin ido guda? In iska ta ɗauke fa? In wata rana kika manta? Ni na ga abin da na gani. Babanta ya rantse ba ita ba tatsuniya, ko da rana ko da dare. Duk layinmu haka aka yanke. Ai ke kika buɗe mana ido, Allah Ya saka miki."

Na rage murya na ce, "Raliat, saurara. Yarinyar nan ba ɓata ta yi ba. Talabijin ta tsaya kallo a shagon Ujunwa. Je ki tambaye ta."

Ta yi baya tana kallona. "Haba Hajja! Yanzu kuma don sun mayar miki da tabarma sai ki juya magana?"

Na ce, "Hikmat, faɗa wa Mama. Ba zomo kika tsaya gani ba?"

Yarinyar ta ɗago. Ta rame, an rataya mata laya a wuya. An ba ta labarin ɓatanta sau ba adadi, an yi mata tofi, an nuna ta ga baƙi, har ya zauna mata. Ta ce a hankali, "Ɓata na yi, Hajja. Hanya ce ta juya min."

Ban san lokacin da hannuna ya kai ido ba. Na tsige, da ƙarfi har hawaye ya fito, na ɗora a ka ta gani. Na yi mata murmushin da na saba, na sa muryar da ke sa ta tsalle, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku!"

Hikmat ta fizge hannunta daga na uwarta ta toshe kunnuwanta da yatsu. Ta runtse ido, ta cusa fuska cikin zanin Raliat tana cewa, "Mama mu tafi, Mama mu tafi." Raliat ta ja ta suka yi gaba da sauri. Har suka sha kwana yatsunta na cikin kunne.

Ina nan riƙe da ƙarfen taga sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ta zo mu ji ta."

Na juya. Surayya ce. Ta cire takalmi ta zauna a bakin tabarma, ta naɗe ƙafa kamar yarinya, ita kaɗai a ɗakin. Ba dariya a fuskarta. Da ma dariyar ta yi, da na san abin da zan yi da ita. Na buɗe baki, tatsuniyar da na yi ta fi sau ɗari ta ƙi fitowa.

Na ce, "Tashi min daga tabarma."

Ta tashi. Na naɗe abata, na bar musu alewar a ƙasa.

Ran Litinin aka shigar da kwamfutoci. Har yau ban yafe wa Surayya ba, kuma kar wanda ya zo min da wa'azi, ita ta fara. Hikmat kuwa tana gaishe ni in mun haɗu a lungu, tarbiyya gare ta. Daga nesa take tsayawa ta ce, "Ina kwana, Hajja," hannayenta a ɗage kusa da kunne, ko da zan buɗe baki.